Gata da Asali a Rumfar Kasuwa: Misali daga Babbar Kasuwar Injamena

Gabatarwa

Idan aka yi maganar wurin aiki, abin da yakan fara zuwa zuciya shi ne ofis da tebur da albashin ƙarshen wata. Amma mafi yawan masu neman abinci a biranen ƙasar Hausa da maƙwabtanta ba su taɓa rubuta takardar neman aiki ba. Wurin aikinsu rumfa ce, ko shago, ko gindin motar da ake sauke wa kaya. A can ma akwai ɗauka da kora, akwai ƙarin girma, akwai kuma wanda ake tsallakewa shekara da shekaru. Wannan takarda za ta duba yadda asalin mutum yake shiga cikin irin wannan hukunci ba tare da mai yanke shi ya lura ba. Za a ɗauki misali daga Babbar Kasuwar Injamena ta ƙasar Chadi, a kuma tsaya a kan wasu kalmomin Hausa da ke ɗauke da wannan al'amari.

Kasuwar da mutanenta

Faransawa ne suka kafa garin a shekarar 1900, bayan yaƙin Kusuri wanda Rabeh ya mutu a cikinsa tare da hafsan Faransa mai suna Lamy. Suka sa wa garin suna Fort-Lamy, kuma da wannan suna aka san shi har 1973, lokacin da gwamnatin Tombalbaye ta mayar da shi Injamena. Babbar kasuwar, wadda ake kira Grand Marché da Faransanci, tana tsakiyar gari kusa da babban masallaci. Chadi ba ta da gaɓar teku, saboda haka yawancin hajar da ke cikin rumfunan ta sha doguwar tafiya kafin ta iso. Wata daga tashar jiragen ruwa ta Duwala take fitowa ta ratsa Kamaru, wata kuma daga Nijeriya ta hanyar Maiduguri da Gamborun Ngala, duka su haɗu a Kusuri su tsallako kogi. Hajar da ta yi irin wannan nisa ba a cika biyan kuɗinta hannu da hannu ba. Bashi da amana ne suke tafiyar da ita.

Hausawa sun daɗe a wannan gari. Da yawa daga cikin kakanninsu maniyyata ne da suka kama hanyar Makka a ƙafa, suka yada zango don neman guzuri, zangon ya zama gida. Masanin tarihi John Works ya yi nazarin irin waɗannan al'ummomi na Fort-Lamy da Abeshe a littafinsa na 1976. A kasuwa suna cuɗanya da Larabawan Chadi da Barebari da Kanembu da Gorane da mutanen Wadai da 'yan kudu irin su Sara, kuma harshen da ya haɗa kowa wajen ciniki shi ne Larabcin Chadi.

Son kai, alfarma da gata

Ya kamata ɗalibi ya rarrabe tsakanin kalmomi uku waɗanda akan cakuɗa su a magana. Son kai shi ne mutum ya san gaskiya ya take ta, ya ba nasa abin da ya san na wani ne. Alfarma kuwa roƙonta ake yi, kuma da mai yi da wanda aka yi wa duk sun san an ɗaga ƙafa. Gata ya sha bamban da su biyun. Ba a roƙonsa, domin tun kafin mutum ya buɗe baki ya riga shi isa wurin. Ɗan gata shi ne wanda yake da mai tsaya masa, ko da mai tsayawar ba ya nan, ko ma ya daɗe da rasuwa. Shi ya sa Hausawa suke cewa mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Abin lura a karin maganar shi ne, ba a ce uwar ta yi niyyar zaluntar sauran yara ba. Hannunta ne kawai ya san kwanon ɗanta.

Wannan hannu da ya san kwano shi ne abin da masana halayyar ɗan Adam suke nufi idan suna maganar karkatar zuciya ba da sani ba. Mutum yakan tashi da wasu zace-zace game da waɗanda suka yi kama da shi da waɗanda ba su yi ba, tun yana ƙarami yake jin su a zaure da tsakar gida, har su zama masa kamar ganin ido. Ranar da zai yanke hukunci cikin gaggawa, sai su riga tunaninsa. In an tambaye shi dalili, zai kawo wani na daban, kuma ba ƙarya yake yi ba, domin shi ma abin da ya gaskata ke nan.

Matakan yaron shago

Aiki a rumfar babban ɗan kasuwa yana da matakai, ko da yake ba a rubuce suke ba. Yaro yakan fara da shara da aike da ɗaukar kaya. Daga nan a bar shi ya auna wa mai saye yadi, ko ya faɗi farashi. Gaba kaɗan a bar masa rumfa idan maigida ya tafi masallaci. Sa'an nan a damƙa masa makulli da littafin bashi, a fara aikensa karɓo kuɗi ko rako kaya daga Kusuri. Mataki na ƙarshe shi ne sallama, wato maigida ya ba shi jari, ko ya ba shi haja bashi, ya buɗe tasa rumfar. Emmanuel Grégoire ya bayyana irin wannan dangantaka ta ubangida da bara a littafinsa na 1986 game da alhazan Maraɗi, kuma tsarin sananne ne a duk inda Bahaushe ya kafa kasuwanci. Babu jarrabawa tsakanin mataki da mataki. Idon maigida ne kaɗai ma'auni, shi kuwa ya yarda da idonsa, tunda an ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima.

A ɗauka cewa wani mai rumfar atamfa yana da yara biyu. Na farko ɗan abokin kasuwancinsa ne, an kawo shi ya koyi ciniki. Na biyu daga ƙauye ya zo, ya fara da dako a bakin kasuwa, maigida ya ga ƙwazonsa ya jawo shi. Tun ranar farko tazara ta shiga tsakaninsu, kuma ba maigida ne ya sa ta ba. A Chadi da riyal ake ƙirgen kuɗi a baki, riyal ɗaya tana daidai da sefa 5, kamar yadda Hausawan Nijar suke ƙirge da dala. Idan mai saye ya ce riyal 200, sefa 1,000 yake nufi. Ɗan gidan kasuwanci ya tashi da wannan lissafi a bakinsa. Ya san sunayen atamfofi, ya san yadda ake gaida babban dillali, ya san lokacin da ake cewa albarka da lokacin da ake sallamawa. Duk wannan a gida ya tsince shi, amma a idon maigida sai ya fito a matsayin basira.

Sai kuma yadda ake kiransu. Na farko yakan ji, "Ɗana, zo ka duba mini lissafin nan." Na biyu kuwa, "Kai yaro, kawo wa Alhaji ruwa." Shi na farko yana iya kiran maigida Baba, na biyu ba ya wuce Maigida ko Alhaji, yana durƙushe. Idan baƙo ya tambaya, akan gabatar da ɗaya da cewa ɗan Alhaji wane ne, ɗayan kuma a ce yaronmu ne. Ɗalibi ya lura cewa kalmar yaro a nan ba shekaru take aunawa ba. Mai furfura ma yaro ne muddin yana ƙarƙashin wani.

Wurin da abin ya fi fitowa fili shi ne ranar da kuɗi suka yi giɓi. In a hannun na farko ne, sai a ce kuskure ne, ko yarinta, gobe zai kiyaye. In a hannun na biyu ne, ko da maigida bai furta kome ba, zuciyarsa ta rubuta, kuma kalmar da take zuwa masa ita ce hali. Kuskure abu ne da yake faruwa ya wuce, hali kuwa an ce zanen dutse ne. Giɓin ɗaya ne, fassarar ce biyu. Daga ranar ba za a ƙara barin na biyu da aljihun kuɗi ba, kuma tunda ba a bar shi ba, ba zai sami damar nuna riƙon amana ba. Bayan shekara biyar maigida zai ce, da zuciya ɗaya, shi bai taɓa ganin abin da zai sa ya ba wannan yaro makulli ba. Gaskiya ya faɗa, sai dai shi ne ya rufe ƙofar da zai gani ta cikinta.

Adalci ne a faɗi cewa ba duka lissafin maigida ne zato ba. Abner Cohen, wanda ya yi nazarin Hausawan Sabo a Ibadan ya buga a 1969, ya nuna yadda cinikin shanu da goro na nesa ya dogara ga masu gida waɗanda suke tsayawa lamuni tsakanin mutanen da ba su san juna ba. Inda zuwa kotu yake da wuya da tsada, sanin gidan mutum shi ne jingina. In ɗan aboki ya ci kuɗi, akwai zauren da za a je a zauna, uban zai biya don kare sunansa. In ɗan dako ya gudu, sai a bar wa Allah. Wannan lissafi ne na mai hankali, kuma maigida ya san yana yin sa. Karkatar da ba a sani ba tana farawa ne daga inda rashin mai lamuni ya rikiɗe ya zama rashin gaskiya, wato aka daina cewa yaron ba shi da kowa, aka koma jin cewa irinsu ba a ba su amana. Tsakanin maganganun biyu akwai rata mai faɗi, amma a zuci taku ɗaya ne.

Asali

Kalmar da take ɗauke da nauyin wannan duka ita ce asali. Idan aka ce wane ɗan asali ne, an yabe shi da kunya da cika alkawari, alhali abin da kalmar ta ambata shi ne gidan da ya fito. Harshen da kansa ya ɗaure ɗabi'a da haihuwa a igiya ɗaya. Haka abin yake a maganganu irin su ɗan gidan mutunci, ko ya sami tarbiyya, ko ba a san tushensa ba.

M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau, ya buga wata maƙala a 1959 a kan yadda Hausawa suke jera darajar mutane. Ya nuna cewa sana'a ce babban ma'auni a tsakanin maza. Masu sarauta suna sama, malamai da attajirai suna biye, sai manoma da yawancin masu sana'ar hannu, sa'an nan mahauta da maroƙa da makaɗa a ƙasa. Ya kuma kawo bambancin karda da shigege, wato sana'ar da mutum ya gada da wadda ya shiga da rana tsaka, kuma ta gado ita ake ganin ta fi daraja. Har yau kalmomin shigege da ɗan haye ba yabo ba ne. Wanda ya fara kasuwanci da guminsa, maimakon a jinjina masa, sai harshe ya fara tuna masa cewa ba gidansu ba ne.

A Chadi akwai wani rabo da ya fi wannan tsauri. A tsakanin Larabawa da Kanembu da Tubawa da wasu al'ummomin arewa da gabas, akwai rukunin da ake kira Haddad, daga kalmar Larabci mai nufin maƙeri. Tubawa suna ce musu Azza. A al'ada su ne masu ƙira da wasu sana'o'in hannu, a wasu wurare har da farauta da kiɗa, kuma sauran jama'a ba sa auratayya da su. Sunan yana bin mutum ko da bai taɓa riƙe guduma ba. Abin sha'awa ga mai nazari shi ne, a ƙasar Hausa maƙeri ba ya cikin na ƙasa, yana da sarautarsa ta Sarkin Maƙera, manomi kuma yana girmama shi. Sana'a ɗaya ce, wuta ɗaya, ƙarfe ɗaya, amma darajarta ta sauya da an sauya ƙasa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ƙasƙancin ba a cikin aikin yake ba.

Gatan ma yakan sauya da wuri a cikin gari ɗaya. A zamanin mulkin mallaka makarantar boko ta Faransa ta fi karɓuwa a kudancin Chadi, saboda haka bayan samun 'yanci a 1960 'yan kudu ne suka fi yawa a aikin gwamnati, kasuwanci kuwa ya fi zama a hannun Musulmi. Tsarin mulkin 1996 ya ambaci Faransanci da Larabci a matsayin harsunan hukuma. Duk da haka wanda ya iya Faransanci mai kyau yakan sami sauƙin shiga ofis, in kuma ya shigo kasuwa neman haja bashi, sai ya tarar Faransancin ba ya saye masa kome, ana neman wanda ya san shi a sahun masallaci. Ɗan kasuwar da ake rantsuwa da amanarsa shi ma yana iya tsayawa gaban teburin ma'aikaci a raina shi saboda lafazinsa. Kowannensu yana ganin shingen da aka sa masa, ba ya ganin wanda yake jingine da shi.

Tarihi ya nuna cewa asalin ma gina shi ake yi. Paul Lovejoy, a littafinsa na 1980 a kan fataucin goro, ya bi diddigin Agalawa da Tokarawa, ya nuna cewa kakanninsu daga ƙasashen Abzinawa suka gangaro, kuma da yawansu ba masu daraja ba ne a can. Suka zauna a ƙasar Kano da Katsina, suka kama fatauci zuwa Gwanja, har sunansu ya zama shaidar iya kasuwanci. Daga cikin Agalawa aka sami Alhasan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955 yana cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma. Aliko Ɗangote, wanda mahaifiyarsa jikar Alhasan ce, ya fara kasuwanci a 1977 da rancen da ya samu daga dangin uwa. Ba wanda zai musa ƙwazonsa, amma samari nawa ne masu ƙwazo a Kano a waccan shekara waɗanda ba su da gidan da za su je neman irin wannan rance?

Abin da aka auna a wasu ƙasashe

A kasuwa ba a ajiye takardun da mai bincike zai ƙirga, amma a inda ake neman aiki a rubuce an gwada abin. A Amurka, Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan sun aika takardun neman aiki kusan 5,000 ga kamfanoni a Boston da Shikago. Takardun iri ɗaya ne ta fuskar ilimi da ƙwarewa, sunayen kawai aka sauya, wasu irin na farar fata, wasu irin na baƙar fata. Sakamakon da suka buga a 2004 ya nuna cewa masu sunan farar fata sun fi samun kira da kashi 50 cikin 100. A Ingila kuwa Sam Friedman da Daniel Laurison sun nuna a 2019 cewa a manyan ayyuka, waɗanda suka fito daga gidajen leburori suna samun kimanin kashi 16 cikin 100 ƙasa da abokan aikinsu 'ya'yan masu hali. Daga cikin dalilan da suka gano akwai tallafin kuɗi daga iyaye, da samun babba mai jan mutum sama, da iya irin magana da shigar da manya suka saba da su. Wato jari da ubangida da iya gaisuwa, abubuwan nan uku da aka gani a rumfar atamfa.

A 1998 Anthony Greenwald da abokan aikinsa suka fito da wani gwaji na kwamfuta mai auna saurin da mutum yake haɗa wani rukunin jama'a da kalmomin yabo ko na suka. Gwajin ya yi suna ƙwarai, har kamfanoni suka shiga shirya wa ma'aikata bita don wanke zukatansu. Sai dai wani nazari na 2019 da ya tattara bincike kusan 500 ya nuna cewa ko an sauya sakamakon mutum a gwajin, ba lalle ne aikinsa ya sauya ba. Wannan bai ba da mamaki ba, domin laifi tudu ne, mutum yakan taka nasa ya hango na wani, kuma wa'azin yini ɗaya ba ya sauke shi daga kai. Abin da ya fi tasiri shi ne a rage wuraren da ido kaɗai yake hukunci. A harshen kasuwa, wannan yana nufin a yanka wa kowane yaro wa'adin sallama tun ranar da ya shigo, a gaban shaidu. Yana nufin a ba kowa ƙaramar amana a gwada shi, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita a hannun kowa, domin ranar giɓi littafi ya yi magana kafin zuciya.

Doka da iyakarta

Tsarin mulkin Chadi na 1996 ya tabbatar da daidaito a gaban doka ba tare da duba asali ko addini ko matsayin mutum a cikin jama'a ba. Na Nijeriya na 1999, a sashe na 42, ya hana a tauye ɗan ƙasa saboda yanayin haihuwarsa. Irin waɗannan dokoki suna kama abin da aka yi a fili, kamar a kori mutum a faɗa masa dalili. Yaron shago kuwa ba shi da takardar ɗauka, balle ta kora. Shugabannin 'yan kasuwa da dattawan layi suna sasanta rigimar bashi da ta rumfa da ta dillanci, kuma sukan tilasta wa maigida ya biya yaro haƙƙinsa in ya riƙe. Amma ba a kai musu ƙarar cewa an yi shekara bakwai ba a ba wane makulli ba, domin ba a yi masa alkawarinsa ba tun farko. Abin da yakan faru shi ne, wata rana yaron ya yi sallama da maigida cikin ladabi, ya tara ɗan abin da ya samu a adashi, ya sayi tire ko baro, ya koma bakin ƙofar kasuwa yana sayar da nasa.